Wanzamin Kwarin Rema da Ruwan Tsugunne

A can ƙasar tudu, inda sanyi ke sa mutum neman bargo ko da bazara, akwai wasu duwatsu biyu maƙwabtan juna. Babban ana ce masa Mai Rawani, don kullum gajimare na naɗe a kansa. Shi kowa ya san shi. Matafiya sun hau shi, sun sauko sun cika littattafai da labarin wahalar da suka sha, kamar wani ne ya aike su. Ƙaramin kuwa sunansa Tsugunne, kuma babu littafin da ya ambace shi, saboda masu rubutu ba sa ganin dutse sai ya karya wa wani babban mutum ƙafa.

In ka tsaya a gindin Tsugunne ka ɗaga kai, sai ka ce mace za ta ɗora tukunya, ta hau ta sauko kafin ruwa ya tafasa. Amma tun da aka kafa ƙauyen Kwarin Rema a gindinsa, ba a taɓa samun ɗan Adam da ya taka ƙolinsa ba. Mutum zai kama hawa da sassafe, ya yi ta tafiya har ƙafa ta kumbura, ƙoli na gabansa kamar jifa ɗaya, ba ya matsowa. In ya haƙura ya juyo, taki kaɗan sai ga shi a gida. In aka tambaye shi, sai ya ce ai babu komai a can sai duwatsu. Wa zai yarda a ji cewa Tsugunne ya kayar da shi?

Daga ƙarƙashin wannan dutse idon ruwan ƙauyen yake fitowa. A da yana gudu har a yi lambun albasa. Sai ya kama raguwa, shekara goma sha tara yana ja da baya, har bana ya ƙafe ƙaf. Mata suka koma tafiyar rabin yini don tulu ɗaya. Mai unguwa Shekarau ya tara jama'a ya yanke magana: ranar Asabar za a tashi, kowa ya gangara kwari ya nemi danginsa.

Akwai wani wanzami a ƙauyen ana kiransa Tunau, ɗan shekara sittin da biyu, mai ciwon gwiwa. Duk Kwarin Rema ana ladabi, amma nasa ya fita daban. In ya fara gaishe ka, sai ka nemi wurin zama. Yana zaune da yayarsa Tabawa, wadda ƙafafunta suka mutu shekara huɗu da suka wuce. Bakinta kuwa lafiyarsa lau.

Ya shiga ɗakinta ya durƙusa, ya ce, "Yaya, na samo jaki. Za a yi miki shimfiɗa mai laushi a kansa."

Ta ce, "Ka hau shi kai, ku yi hira a hanya, ai tunaninku ɗaya. Ni ba za a ɗaure ni kamar buhun dawa ba, ina gangarawa yaran wani gari na nuna ni da yatsa. Nan aka haife ni, nan zan zauna."

"To ruwa fa, Yaya?"

Ta nuna dutsen da haɓa. "Ruwa ai daga can yake zuwa. Kun shekara goma sha tara kuna leƙen rami kamar awaki. Akwai wanda ya hau ya ga abin da ya tare shi?"

"An hau. An ce babu komai."

"Waɗanda suka faɗa, ka duba tafin ƙafarsu da suka dawo? Mutum ba ya kumbura ƙafa a kan babu komai."

Tunau ya san yayarsa. In ta ce ba ta tafiya, ba ta tafiya. Ya kuma san kansa, in ba ta tafi ba, shi ma ba ya tafiya. Tsofaffi biyu a kufai babu ruwa kuwa, kwana huɗu ya ishe su. Don haka ranar Lahadi da ya idar da sallar asuba, ya bar wa maƙwabciyarsu Kande amanar Tabawa, ya ɗauki sanda, ya rataya zabirarsa. Wanzami ba ya fita babu jakar aska, ko jana'iza za shi.

Ya bi ta tsofaffin gonakin acca da kakanni suka yi wa matakala da jerin duwatsu. Ya ratsa shingen ƙerana, ya shiga tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da gangan. Rana ta ɗago ta kai hantsi, ta tsaya a nan. Ba ta ƙara motsi ba.

Yana shan wata kwana sai ya ga mutum tsaye, tsawonsa ya kai na matashiyar giginya, ƙafafunsa kofato ne. Yana riƙe da linzamin wani rema, dabbar nan ta cikin duwatsu, amma mai girman bijimi, an ɗaura masa sirdi har da likkafa.

Mutumin ya ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai ɗan Adam mai hawa. Ni ne Sarkin Zangon Farko. An ɗora mini in yi wa kowane baƙo tambaya guda. Ina gajiya?"

A lokacin gwiwar Tunau ta kumbura ta yi kamar ƙaramar kabewa, numfashinsa na fita da ƙara. Ya rusuna ya ce, "Ba gajiya, ranka ya daɗe."

Aljanin ya girgiza kai cikin mamaki. "Madalla da ƙarfin 'yan Adam. Shekara ɗari uku ina ɗaura wa wannan dabba sirdi domin baƙon da ya gaji, ban taɓa samun ko ɗaya ba." Ya kwance majayi, ya sauke sirdin. "Tun da haka ne, za a bi da kai ta doguwar hanya, wadda muka keɓe wa ƙarfafa, don ka ga ƙasarmu da kyau."

Dutsen ya yi ƙara kamar ana miƙe jiƙaƙƙiyar fata. Hanyar da ke gaban Tunau ta miƙe ta yi tsawo har ƙarshenta ya ɓace. Ya buɗe baki, ya sake rufewa. Ba a janye gaisuwa. Ya yi godiya, ya ɗingisa ya wuce.

Hanyar ta kai shi wani kwari inda duwatsu ke kiwo. Manya-manya ne, kowanne ya kai rumbu, suna mirginawa a hankali suna lasar gansakuka, ƙanana na biye da su. Ya lallaɓa ta gefe. Bai lura ba ya shiga tsakanin wata uwa da ɗanta. Ta juyo, ƙasa ta girgiza, ta yo kansa. Ya faɗa cikin wani tsagi da ƙyar jikinsa ya shiga, ta bi ta samansa ta wuce, ta dawo ta sake bi. Da ta huce ta koma kiwonta, ya fito ya nemi sandarsa, sai ya tarar ta zama gari, irin wanda ko tankaɗe ba ya bukata.

Ya ci gaba da rarrafe da dafa duwatsu. Can sai ya ji lugude. Ya iske mata biyu masu dogayen hannuwa suna daka a turmin dutse. Ƙanƙara suke dakawa, in ta yi laushi su sheƙe ta a iska ta zama yayyafi. A gefensu ga ƙwarya cike da fura, an dama ta da nono, sanyinta na tashi.

Babbar ta ajiye taɓarya, ta ɗauko ƙwaryar da hannu biyu. "Maraba da baƙon doguwar hanya. Bismillah."

Harshen Tunau ya manne da dasashi tun a kwarin duwatsu. Ya ce, "Alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

Ya tsaya yana jira. A Kwarin Rema haka ake yi: a yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, a na uku ka karɓa kana cewa don dai kada a ce ka raina. Wanda ya miƙa hannu tun a tayin farko, har jikokinsa sai sun ji labari.

Matar ta rufe ƙwaryar da faifai, ta mayar da ita inda take. Ta ce wa 'yar'uwarta, "Na gaya miki ba sa cin abinci. Ke ce kullum kike sa ni damu." Suka koma dakansu.

Tunau ya yi musu sannu da aiki, ya wuce. Duk wanda ya ce ladabi ba ya kisa, bai taɓa ganin mai ladabi yana tafiya yana waiwayen ƙwarya ba.

Daga nan hanya ta yanke a bakin wani rami mai zurfi, iska na tasowa daga cikinsa tana kuka. Babu gada, sai wasu baƙaƙen igiyoyi masu kauri da suka tsallaka zuwa ɗaya gefen, suka shige tsagogin dutse. Ya dafa ɗaya, ya murza ta tsakanin yatsu. Ko a mafarki ya san wannan abu. Gashi ne, gashin kai, wanda ya shekara aru-aru bai ga aska ba. Ya yi bisimilla, ya kwanta a kan igiya ɗaya, ya riƙe ta biyu, ya ja ciki. A tsakiya iska ta ɗaga shi ta juya shi, hularsa ta tafi, ya ga ƙasan ramin babu ƙasa. Ya rufe ido ya ci gaba da ja har goshinsa ya bugi dutse.

Ya bi gashin har tushensa. A wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu wani ƙaton aljani na zaune. Gashin kansa da gemunsa sun cika ƙofar, sun kama dutse ta ko'ina kamar saiwar gamji, ko juya wuya ba ya iya yi. Idanu kawai ake gani.

Aljanin ya ce, "Ni ne Mai Tsaron Ƙofar Ƙoli. Da zan iya tashi da na tashi na tarbe ka, ya ɗan Adam, amma ka ga halin da zaman jira ya sa ni. Ba mai wucewa sai na kauce, ni kuwa ba na kaucewa. Mene ne a jakarka?"

"Aska ce, ranka ya daɗe. Wanzami ne ni."

Idanun suka yi haske. "To ga kai."

Tunau ya ɗebi ruwan raɓa a wani kwarmin dutse, ya jiƙa gashin, ya hau kafaɗar aljanin ya fara daga ƙeya. Da ya yi ja uku, sai ya yi tambayar da ya saba yi wa kowa, wadda bakinsa ke yi ko bai sa shi ba. "Da zafi?"

"Da zafi ƙwarai," in ji aljanin. "Askarka ta dakushe, hannunka na rawa, kuma kana jan fata ta inda bai kamata ba."

Tunau ya tsaya da aska a sama. Da a ce mari aka yi masa da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina aski. Na aske mai unguwa, na aske ubansa. Ba wanda ya taɓa ce mini da zafi."

"To ɗayan biyu ne. Ko kawunan mutanenku na dutse ne, ko kuwa ka shekara arba'in kana azabtar da bayin Allah suna yi maka godiya."

Tunau ya tuna manyan mutane da ya sha gani suna hawaye a ƙarƙashin askarsa, suna cewa hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Ya sauko, ya ciro dutsen wasa aska, ya zauna ya wasa ta sosai, irin wasawar da ya rabu da yi tun yana yaron gida. Ya ƙara ruwa, ya sake hawa, ya kwantar da hannu.

"Yanzu fa?"

"Ya ragu. Saura bayan kunne."

Ya gyara riƙo. "Yanzu fa?"

"Yanzu babu. Ci gaba a haka."

Bai taɓa yin aski mai kyau irin wannan ba. Gashi ya zube tuli-tuli, kai ya fito yana ƙyalli. Aljanin ya miƙe, gaɓoɓinsa na ƙara kamar ana sare itace, ya shafa ƙeya ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Ka tambaye ni sau uku, na ba ka amsa sau uku. Bari ni ma in tambaye ka sau ɗaya. Ina gajiya?"

Amsar da aka saba ta taso har ta kai leɓe. Tunau ya danne ta da haƙori. Ya dubi ƙasa, kunya ta rufe shi kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya ce, "Akwai, 'yar kaɗan."

"'Yar kaɗan?"

"Ranka ya daɗe, na kusa mutuwa."

"To me ya hana ka faɗa tun a zangon farko?" Aljanin ya ɗauke shi da hannu ɗaya ya aza a kafaɗa. Taki uku ya yi, sai ga su a ƙoli.

Daga ƙasa, ƙolin Tsugunne wani ɗan falalen dutse ne da bai fi mutum biyar su yi sahu a kai ba. Daga sama kuwa birni ne mai ganuwar farin dutse, an kewaye wani tafki da shi, ruwansa garau har ana ganin kifi na barci. Daga bakin tafkin magudanai arba'in sun fita, kowace ta nufi wata nahiya ta shige cikin dutse. Wata dattijuwa na zaune a bakin ruwa kan kujerar tagulla, da ludayi a hannunta. Ita ce Magajiyar Ruwa. Masu ƙara sun yi layi a gabanta.

Sarkin birai ne a gaba. Yana cewa, "Ruwanmu ya yi kaɗan, ya yi ɗumi, kuma yana zuwa a makare. 'Ya'yana sun rame, ki dube su." 'Ya'yan nasa na bayansa, kowanne ya yi ƙiba kamar tulu. Magajiya ta ɗebo ludayi biyu ta zuba a magudanarsu. Wakilin kwaɗi ya matso ya yi nasa kukan, aka zuba masa ɗaya. Tunau ya duba ya ga magudana guda a can gefe, busasshiya, ciyawa ta tsiro a cikinta ta mutu. Bai bukaci a gaya masa ta wane ƙauye ce ba.

Mai Tsaron Ƙofa ya sauke shi ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗan Adam ne daga Kwarin Rema."

Magajiya ta ce, "Daga ƙauyen ƙosassu? Lale da mutanen da ba su taɓa damunmu ba. Jakadiya, zo ki ga naki."

Wata tsohuwa ta fito daga bayan kujera. Tunau ya gane ta nan take. Baƙuwar nan ce mai tallan daddawa, wadda ke ratsa ƙauyensu sau ɗaya a shekara, farkon damina, ba wanda ya san garinsu.

Jakadiya ta ce, "Na san shi, ranki ya daɗe. Kowace shekara nakan tsaya a rumfarsa in ce yaya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Bara waccan ma cewa ya yi sai godiya, har ya yi yawa."

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai gaisuwa ce. Haka ake cewa. Mutum ba ya buɗe wa baƙo cikinsa a bakin hanya, kuma ba ya raina abin da Allah ya ba shi."

Magajiya ta ce, "Ya kai wanzami, ruwa na Allah ne, mu rabo kawai aka ba mu. Ba mu san gaibu ba, shi ya sa muke aikawa a tambaya. Godiya ga Allah wajibi ce a kanku da mu baki ɗaya. Amma ni ba godiya na aika a karɓo mini ba, labari na aika a karɓo. Shekara goma sha tara ana ce mini ya wadata, ga waɗannan kuwa kullum suna kuka. Sai na riƙa rage ludayi ɗaya daga naku ina ƙara musu. Bara na rage na ƙarshe, aka dawo aka ce mini kun ce ba laifi. Yanzu ga ka ga ni. Yaya ruwa a Kwarin Rema?"

Duk fada ta zuba masa ido, birai da kwaɗi da aljanu. Ga manya, ga baƙi, ga mace mai sarauta. Shekara sittin da biyu na tarbiyya suka taru suka hau harshensa.

Ya ce, "To, da sauƙi, ranki ya daɗe."

Magajiya ta rataye ludayin a jikin kujera. "Madalla. Mai bi masa."

Wakilin kurciyoyi ya fara matsowa. Mai Tsaron Ƙofa ya yi gyaran murya, ya sa hannu ya shafa bayan kunnensa a hankali, yana kallon sama.

Tunau ya miƙe a kan gwiwarsa mai ciwo. Muryarsa ta fito siririya. "Ranki ya daɗe, na yi ƙarya. Babu sauƙi." Ya haɗiye yawun da babu. "Babu ruwa ko na alwala, wata biyar muna taimama. Matanmu na fita da asuba su dawo da azahar da tulu ɗaya, rabinsa laka. Awaki sun mutu. Ina da yaya, ƙafafunta sun mutu. Nakan ba ta moɗa ɗaya da safe, sai ta ce ta sha, in na fita ta juye rabi a tuluna, tana tsammani ban sani ba. Ni kuma in mayar mata, ina tsammani ba ta sani ba. Ranar Asabar kowa zai tashi. Ita ba za ta tashi ba, ni ma haka. Ƙishirwa za ta kashe mu a ɗaki ɗaya, kuma na tabbata wanda ya riga mutuwa, ɗayan zai ce masa da sauƙi."

Sarkin birai ya sunkuyar da kai, ya tura ƙaramin ɗansa bayansa.

Magajiya ta sauko da ludayin. Ta ɗebo goma sha tara, ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a kan falalen dutse a gaban Tunau. Ruwan bai watse ba. Ya taru ya yi tsawo, ya ɗaga kai kamar farin maciji, ya kwanta a bayan dugadugansa.

Ta ce, "Tsohuwar magudanarku ta toshe da saiwoyi, gyaranta sai shekara. Wannan zai bi ka kamar akuya, inda ya bi nan ce sabuwar hanyarsa. Amma shari'armu ba ta tsayuwa da shaida ɗaya. Jakadiya za ta raka ka ta sake tambaya a ƙauyen. In wani ban da kai ya faɗi abin da ka faɗa, ruwa ya shiga. In aka ce mata ya wadata, zai juyo gida, ba kuwa zan sake aikawa ba."

Saukowa ba ta yi wuya ba, don Tunau ya koyi karatunsa. Mai Tsaron Ƙofa ya tsallakar da su ramin. Masu dakan ƙanƙara suka ce bismillah, ya karɓa tun kafin su rufe baki, ya shanye, ya tambaya ko da saura. Sarkin Zangon Farko ya ce ina gajiya, ya ce tana nan har ta haihu. Aljanin ya ɗaura sirdi cikin murna, reman ya sauko da su yana tsalle daga dutse zuwa dutse, ruwa na biye yana waƙa a tsakanin tsakuwa.

A bakin shingen ƙerana reman ya sauke su ya juya. Rana ta motsa daga inda ta tsaya. Tunau na tsammanin yini ɗaya ya yi, ashe Asabar ce. An ɗaure kaya a kan jakuna, an ciccire ƙyamare, mata na goye da yara. Suka ga wanzami babu hula babu sanda, da mai daddawa a gefensa, da wani dogon ruwa a bayansu ya tsaya cak a bakin shinge yana sheƙi. Kowa ya daskare.

Jakadiya ta nufi mai unguwa Shekarau, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, yaya ruwa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka faɗa mata yadda abin yake."

Shekarau ya dubi baƙuwa, ya dubi talakawansa da suka kewaye shi. Leɓunansa sun tsage don ƙishi. Ya gyara zaman rigarsa ya ce, "Alhamdulillahi, ba laifi."

Ruwan ya ja da baya kamu goma.

Jakadiya ta juya wajen Kande, wadda ke tsaye da busasshen tulu a ka. "Baiwar Allah, yaya ruwa?"

Kande ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mai unguwa ya riga ya yi magana, wace ce ita? Ta ce, "Sai godiya."

Ruwan ya sake ja, wutsiyarsa ta fara hawa dutse. Tunau ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana roƙo, kowa na kallon ƙafarsa. Mutanen kirki ne duka. Da za ka ce su ba ka rigarsu da sun tuɓe, amma su ce suna cikin wahala a gaban baƙo, gara a binne su.

Sai wata murya ta fito daga bayan zana. "Wace ce ke tambayar ruwa a garin nan?"

Jakadiya ta matsa jikin zanan. "Ni ce, Iya. Yaya ruwa?"

"Ke makauniya ce ko sabon zuwa?" in ji Tabawa. "Wane ruwa? Kin ga ruwa? Rabon da in ga ruwan da ya rufe gindin moɗa tun kafin azumi. Harshena ya zama fata, in kina so ki shigo ki yanka ki yi takalmi. Jikan Kande fitsarinsa ya koma kamar man ja. Wancan mai rawanin da ya ce miki ba laifi, jiya da la'asar na ji shi ta katanga yana kuka yana roƙon matarsa kurɓi ɗaya. Ƙishi muke ji, dukanmu, har jakunan. Ki je ki faɗa wa duk wanda ya aiko ki, in kuma bai ji ba ki zo ki ɗauke ni in faɗa masa da kaina."

Jakadiya ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. "Shaida ta cika."

Ruwan ya ratsa shinge da gudu. Ya bi ta tsakanin ƙafafun jakuna, ya zagaye rumfar Tunau, ya faɗa tsohon idon ruwa, ya cika shi ya tumbatsa, ya kama hanyar lambuna. Yara suka riga kowa faɗawa. Manya suka fara kwance kaya daga kan jakuna, ba mai kallon idon wani. Shekarau ya durƙusa ya sha da hannu biyu, ya daɗe bai ɗago ba.

Tunau ya cika ƙwarya ya kai ɗaki, Jakadiya na biye. Tabawa ta karɓa, ta sha, ta huta, ta sake sha har ta ga gindin ƙwaryar. Ta goge baki, ta tauna wani abu a haƙoranta.

Ta ce, "Da yashi a ciki."

Jakadiya ta ce, "Za a faɗa a sama, Iya. Za a tace."

Tabawa ta miƙa wa ƙanenta ƙwaryar. "Kai kuma ka tsaya kana kallona kamar ba ka taɓa ganin mutum ya sha ruwa ba. Je ka hura wuta ka ɗora babbar tukunya. Wata biyar ban yi wanka ba."

Iyakar abin da ya gangaro mana daga Tsugunne ke nan.